Wa Zai Riƙe wa Damƙau?

Shekara ashirin da uku Damƙau ya yi yana aiki a asibitin dabbobi, bai taɓa yi wa ko sauro allura ba. Aikinsa riƙo ne. Idan aka kawo dabba shi zai ɗora ta a kan tebur, ya riƙe ta, Likita ta yi abin da za ta yi, ya sauke ta. Wanda bai sani ba sai ya ce wannan ai ba aiki ba ne, kowa ma zai iya. Masu faɗin haka a ba su zomo mai ciwon kunne su riƙe na minti ɗaya, a ga yadda za su kwashe da shi.

Asalinsa kafinta ne. Gyaran ƙofar baya ya kawo shi, zamanin Tsohon Likita, mahaifin wadda take riƙe da asibitin yanzu. Yana cikin buga ƙusa wani maraƙi ya tsinke igiya ya yi cikin ɗakin jira, mutane suka haye kujeru. Shi kuwa ya ajiye guduma, ya tare shi, ya kama haɓarsa da hannu ɗaya, ya dafa ƙugunsa da ɗayan. Maraƙi ya tsaya cak yana huci. Tsohon Likita ya leƙo ya ce, "Kai, irin wannan damƙa! Gobe ka zo da safe." Daga nan sunan ya bi shi. Ƙofar kuwa har yau ba ta rufuwa da kyau, don bai koma ya ƙarasa ta ba.

Abin da ya sani ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ya san akuya ba a kama ta a ƙaho, sai a ƙarƙashin haɓa, a jingina mata gwiwa a kwiɓi. Ya san zomo idan ba a tallafe bayansa ba zai yi ta harbi da ƙafa har ya karya kansa. Kyanwa da tawul ake naɗe ta, a bar ƙafa ɗaya a waje. Agwagwa a haɗa mata fikafikai, a sa ta a hammata tana kallon baya. Hannuwansa duk tabo ne, kuma kowane tabo ya san mai shi. Dabba za ta shigo tana tirjiya, mai ita yana ja yana zufa, da ta kai hannun Damƙau sai ta saki jiki. A haka ya aurar da 'ya'ya uku, gemunsa ya yi fari, bai taɓa jin wani abu ya rage masa ba.

Sai ga takarda daga hukumar da take yi wa asibitocin dabbobi rajista. Likita ta kira shi ofis ta karanta masa. An ce duk ma'aikacin da yake taɓa dabba dole ya tsara burin ci gaban aikinsa a rubuce, ya cika shi kafin ƙarshen shekara, jami'i ya zo ya gani da idonsa ya sa hannu. Wanda bai cika ba, ba shi ba taɓa dabba, ko da kaza ce.

"Ba korarka zan yi ba, Baba," in ji Likita. Tun tana ƙarama haka take kiransa. "Idan ma abin bai yiwu ba, sai ka koma gaba kana ba mutane lamba."

Ita a ganinta kwantar masa da hankali ta yi. Shi kuwa a wurinsa tayar masa da shi ta yi. Ya hango kansa zaune a bayan kanta, ana wucewa da raguna ta gabansa, shi yana yaga takarda yana miƙawa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da doki ya cije shi a kafaɗa.

Ta ɗauko fom ɗin, shafi shida, ta ce ya faɗa tana rubutawa.

"Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

"A ɗakin duba dabbobi, wajen taga."

"Ba wurin tsayuwa suke nufi ba, Baba. Mene ne babban rauninka?"

"Gwiwar dama."

Ta ajiye biro ta dafe goshi. Can ta ce su tsallake zuwa burin kansa. Damƙau ya yi tunani ya ce shi dai bai taɓa riƙe jimina ba, idan da hali yana so ya riƙe kafin ya mutu. Ta ce ai ba a ƙirƙirar buri, zaɓa ake yi daga littafin hukuma. Ta buɗe. Ƙwarewa ɗari da goma sha huɗu aka jera, tun daga yanke farce har zuwa tiyata. Suka bi ɗaya bayan ɗaya, suka sake bi daga ƙasa. Riƙo ba ya ciki.

"To wa yake riƙe musu?" ya tambaya.

Ta juya masa littafin. Ga hoton rago tsaye shi kaɗai, ba igiya ba kowa, wani mai farar riga yana soka masa allura, ragon har kamar murmushi yake yi. Damƙau ya daɗe yana kallon hoton.

"Wannan ragon ba shi da rai, Likita."

"Zane ne, Baba."

"To wanda ya zana shi ma bai taɓa ganin rago ba."

A ƙarshe suka zaɓi lamba talatin da bakwai, allurar tsoka, don ita ce mafi sauƙi. Ya ga an yi ta a gabansa sau dubu nawa. Aka rubuta, ya sa hannu, aka aika.

Matakin farko bita ce ta kwana biyu a wani otal. Ranar farko gaba ɗaya wani mutum mai kwat ya cinye ta yana nuna musu a majigi yadda buri yake da matakala, da yadda ake hawa matakalar, da abin da mutum zai yi idan ya tarar matakalar ta jingina da bangon da ba nasa ba. Ba a ambaci dabba ko sau ɗaya ba. Rana ta biyu aka kawo kare na roba aka ɗora a tebur, mutum talatin suka yi layi. Da layi ya zo kan Damƙau aka miƙa masa sirinji. Kafin ya ankara ya ajiye shi, ya rungumi kan karen, ya rufe masa ido da tafin hannu.

"Malam, na roba ne," in ji mai kwat.

"Na sani. Amma yadda kuke ta sukarsa tun safe, ai ko roba ce a tausaya mata."

Na bayansa ya ce wallahi ma ya fi sauƙi idan an riƙe, don karen santsi yake yi a tebur. Haka Damƙau ya riƙe wa mutum goma sha tara, lokaci ya ƙare, aka ba shi takardar shaidar halarta mai zanen zinariya a gefe. Ya dawo gida bai soki komai ba.

Likita ta ba shi sirinji da kwalbar ruwa ta ce ya dinga gwadawa a jikin lemo. Matarsa tela ce, kekenta a falo yake, ita da allura kullum suna tare. Da ta gan shi ya zauna bayan la'asar ya ajiye lemo a gabansa yana kallo, ta ce, "Maigida, lafiya?"

"Zo ki riƙe min."

"In riƙe maka lemo? Gudu zai yi?"

"Ba a yin allura babu mai riƙo. Zo."

Ta taso ta riƙe. Ya ɗaga sirinji, ya sauke.

"Kin shaƙe shi."

"Na shaƙe lemo."

"Saki yatsanki na tsakiya. Tallafe shi ta ƙasa. Haba, Maman yara, shekara talatin muna tare ba ki koyi komai ba?"

Ta ce idan ya ƙara magana za ta bare shi ta shanye a gabansa. Ya soka. Allura ta shige sumul, ya ji daɗi ƙwarai. Cikin sati biyu babu lemon da ya shigo gidan ya tsira. Surukinsu ya zo gaisuwa aka kawo masa, yana sa wuƙa ruwa ya yi masa tsartuwa a ido. Da lemo ya ƙare ya koma kan filo, daga filo sai katifa. Ranar da matar ta zauna a kujerar kekenta ta ji sanyi ya ratsa zani, ta fito da sirinjin a hannu ta ce, "Saura ni, ko? Ka kwashe kayanka ka kai inda ake biyanka."

A asibiti ne abin ya fito fili. Akuya aka fara kawowa, wata ja mai tari. Damƙau ya zuƙi magani, ya ce wa Likita bismilla. Likita ta matso ta kama akuyar a ƙaho. Shekara shida ta yi tana karatu, shekara goma sha ɗaya tana aiki, takardun shaidarta sun rufe bango guda, amma tunda ta fara aiki ta tarar da Damƙau a wurin, ba ta taɓa buƙatar riƙe dabba ba. Akuya ta yi jijjiga ɗaya, ta bi ta tsakanin ƙafafun Likita, ta ture ƙofar baya, ta ranta a na kare. A shagon mai aski aka same ta tana tunkuyi da kanta a madubi.

Agwagwa ta cire wa Likita tabarau da fiffike. Wata kyanwa baƙa ta suɓuce ta haye saman kabad ɗin magani ta ƙi saukowa, Damƙau kuma ya rantse ba zai taɓa ta ba, sai Likita ta sauko da ita da kanta. Kwana biyu tana can. Mai ita yakan zo da yamma ya hau kujera ya gaishe ta, ya ajiye mata madara, ya tafi.

Damƙau ya zauna ya yi nazari, ya ga duk faɗin garin mutum ɗaya ne zai iya riƙe masa dabba, mutumin nan kuwa shi ne. Don haka ya gwada haɗa aikin biyu. Ya riƙe wani rago da hagu da gwiwa, ya kai sirinji da dama, rago ya motsa, allurar bitamin ta raguna ta shige tsokar hannunsa. Likita ta rikice, ta buga waya nan, ta buga can, aka ce ba abin da zai same shi. Sati guda yana cin abinci kwano biyu. Matarsa ta ce gemunsa har sheƙi yake yi, ya tambayo mata ko akwai ta tumaki.

Saura wata uku shekara ta ƙare. Rannan da safe ya shiga ofishin Likita da farar takarda, ya ja layi-layi da rula, ya ajiye a gabanta.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Fom ne. Naki. Ina kike ganin kanki nan da wata uku?"

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta so ta yi fushi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta karɓi biro ta rubuta: riƙe tunkiya.

Da buhun dusa suka fara. Ya ce buhu ba ya motsi, ba zai koya mata komai ba. Ba su da dabbar da za su yi ta wahalarwa, shi kuma ba zai yarda a koyi aiki a jikin marar lafiya ba. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa da hannu da gwiwa a tsakiyar ɗakin, gwiwar dama tana ƙara, ya ce, "To, ni ne ragon. Kama."

Kullum bayan an tashi aiki haka suke yi. Kuma ba rago mai sauƙi yake zama mata ba. Duk sharrin da dabbobi suka yi masa a shekara ashirin da uku ya adana shi, yanzu yana fito da shi ɗaya-ɗaya. Ya yi lamo kamar ya haƙura, tana sassautawa ya zabura. Ya ja da baya, ya zauna mata a ƙafa.

"Riƙon 'yan sanda kike yi, Likita," yake ce mata daga ƙasa. "Kina riƙe ni don kada in gudu, ni kuma jin haka ne yake sa ni gudu. Riƙe ni yadda zan ji idan na faɗi akwai mai tare ni. Kuma ki daina ɗauke numfashi, ina ji a gwiwarki."

Wata rana suka manta ba su sa sakata ba. Wani mutum ya turo ƙofa da kejin aku a hannu, ya tarar da Likita ta tallafe haɓar dattijo mai farin gemu, ta danna masa gwiwa a kwiɓi, dattijon yana kukan tumaki iya ƙarfinsa. Mutumin ya dube su, ya dubi akunsa, ya ce, "Zan dawo gobe," ya ja ƙofa a hankali. Bai dawo ba.

Amma hannun Likita ya fara faɗawa. A wata na biyu Damƙau ya zabura ya ji ba inda za shi, kuma ba a matse shi ba. Daga durƙushe ya ce ta sake shi, gobe za su fara da masu rai.

Jami'in ya zo a satin ƙarshe na shekara. Siriri ne, da takunkumi biyu a fuska, wai gashin dabba yana sa shi atishawa. Ya ce ba zai shiga ɗakin ba. Aka sa masa kujera a baranda, ya tsaya a kanta yana leƙe ta gilashin taga, agogo a hannu ɗaya, fom a ɗayan.

Marar lafiyar da layi ya kawo wata tsohuwar tunkiya ce mai ruɓewar kofato. Direban tasi ne ya kawo ta a kujerar baya, har da ɗaura mata bel. Tana shigowa tana ɗingishi ta wuce kowa, ta nufi Damƙau, ta jingina kanta da cinyarsa ta lumshe ido. Sai da ya sa hannu ya tura ta wajen Likita, abin da bai taɓa yi wa dabba ba.

Likita ta tallafe haɓa, ta jingina gwiwa, ta saki numfashi. Tunkiya ta tsaya. Riƙon ba shi da makusa. Damƙau ya ji alfahari, ya kuma ji kishi, duka biyun a lokaci guda.

Ya zuƙi maganin, farin nan mai kauri da ya san yana da zafi. Ya fitar da iska, ya buɗa gashi a gefen wuya, ya goga auduga. Jami'i ya danna agogo. A nan ya dakata da sirinji a hannu, don a ƙarƙashin yatsunsa fatar ɗumi gare ta, tana motsi.

Sai Likita ta sunkuya ta kai bakinta kunnen tunkiyar, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri. Ba ni ba ce, shi ne. Ni riƙe ki kawai na yi."

Damƙau ya ɗago ya dube ta. Maganarsa ce. Abin da yake raɗa wa kowace dabba ke nan daidai lokacin da allura za ta shiga, tun zamanin Tsohon Likita. Bai koya mata wannan ba, bai taɓa gaya wa kowa ba, ya ɗauka tsakaninsa da dabbobin ne.

Ya soka. Ya ɗan ja gindin sirinjin baya ya ga ba jini, ya tura maganin a hankali, ya zare, ya danna auduga. Tunkiya ta yi kuka sau ɗaya. Jami'i ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya ci." Ya sa hannu, ya yi atishawa huɗu, ya zuro fom ɗin ta ƙasan taga, ya sauka daga kujera ya tafi abinsa. Direban tasi ya yi tafi, ya fita ya juyo da mota.

Damƙau ya miƙa hannu zai sosa wa tunkiyar bayan kunne, yadda ya saba. Ta zabura, ta ja da baya da ƙafa uku, ta ɓuya a bayan Likita, tana leƙensa da ido ɗaya.

Ya tsaya da hannu a miƙe. An ba shi izinin taɓa dabba har na shekara guda, ga takarda a ƙasa da tambari, ga dabba ta ƙi shi. Abin ya yi masa ciwo fiye da duk cizon da ya taɓa sha.

"Dama kina jin abin da nake raɗa musu?" ya tambaya.

"Teburin ba shi da faɗi, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara aiki."

"Me ya hana ki magana?"

"Me zan ce? Ai gaskiya kake gaya musu. Kuma suna tsayawa."

Ya dube ta. Ya tuna yadda yakan ce a ransa yarinyar nan ba ta da sakin fuska da dabbobi, tana gama aiki sai ta juya ta hau rubutu, ko shafa su ba ta yi. Ashe ta san idan ta miƙa hannu abin da za ta gani ke nan. Shekara goma sha ɗaya, sau ashirin a yini, yana nuna ta da baki a gabanta, shi yana kwasar soyayyar. Kunya ta rufe shi.

"Ki yafe min, Likita."

Ta kawar da kai ta gyara tabarau. Ya ajiye sirinjin a faranti ko shi ne tunkiyar take tsoro, ya durƙusa, ya sake miƙa hannu wayam. Tunkiya ta ƙara shigewa cikin rigar Likita.

"Ba za ta zo ba, Baba," in ji ta. "Wata takan manta bayan wata biyu, wata kuma har abada. Tashi ka wanke hannu. Akwai kyanwa a layi, allura biyu gare ta. Ɗaya ni, ɗaya kai."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya je ya buɗe famfo.